Tsohon gidan fatoma a Zango: a rushe ko a mai da shi masaukin baƙi?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Tambaya ce gare ni kuma don Allah duk wanda ya sani ya taimaka min. Akwai wanda ya taɓa kwana a otal ko masaukin da asalinshi tsohon gini ne mai tarihi, irin gidan sarauta ko gidan fatake da aka gyara aka mai da shi wurin saukar baƙi? Ko nan Nijar ko waje. Ina son in san yadda wurin yake, me suka bari yadda yake, me suka canza, kuma mutane suna zuwa da gaske su biya kuɗi su kwana ko dai labari ne kawai.

Abin da ya sa nake tambaya, muna da gidan gado nan cikin unguwar Zango ta garin Zinder, wato Damagaram, ginin ƙasa ne tun na kakan babanmu wanda aka ce fatoma ne, Buzaye da Larabawa suna sauka wurinshi. Akwai babban zaure mai bakan gizo, wato ginin rufi mai lanƙwasa, akwai soro, ga ɗakuna a jere ta ɓangaren gabas waɗanda tsofaffinmu ke cewa nan baƙi ke kwana kuma nan ake jibge kaya, har zanen da ke goshin ƙofa yana nan sai dai ruwa ya ci gefe guda. Yanzu babanmu ya rasu, magada muna da yawa, wasu sun ce a sayar a raba kowa ya huta, kuma wanda ke son saye ya faɗa mana a fili rushewa zai yi ya zuba butik-butik na siminti. Ni wallahi raina bai kwanta da hakan ba amma ba ni da hujjar da zan kai gaban yayyena in ban da "gidan kakanni ne", su kuma suna da iyali suna da buƙata ban ga laifinsu ba. Shi ya sa na ce bari in ji ko a wasu wurare irin wannan gida yana iya ciyar da kanshi.

Direban Tanut ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Ƙanena ba sai ka je nesa ba, Agadas kawai za ka leƙa. Otal ɗin Ayar da ke fuskantar babban masallaci, wanda ake rubutawa Hôtel de l'Aïr, ai fadar Kawusan ce aka mai da otal. Shi Kawusan ɗin da ya tayar wa Faransawa, shi da Sarkin Agadas Tagama suka tsare sojan Faransa cikin barikinsu tun Disamban 1916 har farkon Maris 1917, kuma daga nan Damagaram ɗinmu ne aka tura sojan da suka je suka fasa tsarewar. Tagama ma a kurkukun nan Zinder aka kashe shi a 1920, mutane da yawa ba su san wannan ba.

Na kwana a wurin lokacin da nake kai masu yawon buɗe ido, tun ana zaman lafiya. Abin da zan ce maka, ɗakunan kwanan ba wani abin a zo a gani ba ne, gado ne da fanka da wurin wanka, amma babban ɗakin da ake cin abinci shi ne maganar, katanga mai kauri, rufi mai tsawo da bakan gizo, kana shiga da rana tsaka sai ka ji sanyi ya sauko maka ba tare da kilim ba. Da yamma kuma sai a hau saman soro, ga hasumiyar masallaci nan gabanka mita 27 ta ƙasa zalla da itatuwanta sun fito ta ko'ina, ana kiran magariba. Turawan da nake ɗauka wannan suke biya, wallahi ba gadon ba. Na ga wanda aka ba ɗaki mai kilim a wani sabon otal ya ce shi a mai da shi can.

Tun 2013 da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya mutanen can suka ƙara riƙe gidajensu na ƙasa. Mu nan Birni da Zango kullum sai ka wuce ka ga an kwantar da wani.

Malam na Birni ya rubuta:

Salamu alaikum. Ɗan Zango Allah ya gafarta wa mahaifinku. Ni malamin tarihi ne a lekol, kuma wannan magana taka ta taɓa ni sosai don haka ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Abu na farko, kai kana neman otal mai tarihi a wani wuri alhali abin da ke hannunku shi ne ainihin masaukin ƙasar nan tun kafin Bature ya zo da nashi tsarin. Unguwar Zango gaba ɗayanta don saukar ayari ta kafu, a bayan ganuwa, su Birni na sarki da fadawa, Zango na fatake da Buzaye da baƙi. Ayari zai taso daga Tarabulus ya bi ta Gat ya ratso Ayar ya sauka nan kafin ya wuce Kano ko Kukawa, wani kuma ya zo daga Bilma da Fashi da kantun gishiri da dabino ya koma da hatsi. Duk wanda ya sauka dole yana da maigida. Kuma aikin fatoma ya wuce ba da ɗaki nesa, shi ke ciyar da baƙo, shi ke ajiye mishi kaya, shi ke samo dillali, shi ke yin tafinta in baƙon ba ya jin Hausa, in za a ba da bashi shi ke tsayawa a matsayin lamuni, in rigima ta tashi shi ke zuwa gaban alƙali da baƙonshi. Ba ya karɓar kuɗin kwana kamar yadda ake yi yanzu, la'adar cinikin da aka yi a gidanshi ita ce ribarshi. Shi ya sa za ka ga gidajen nan ɗakunan baƙi suna kusa da zaure, cikin gida na iyali yana can baya, baƙo zai yi wata uku bai ga matan gida ba. Malam Yaro, babban attajirin Zango na ƙarshen ƙarni na 19, da irin wannan harka ta ayarin arewa ya yi suna.

Kuma in za a ba da labarin a ba da shi cikakke. Ta waɗannan zangunan an fitar da fatu da gashin jimina da hauren giwa, an kuma fitar da bayi, mutane 'yan uwanmu. Duk wanda zai buɗe irin wannan gida ga baƙi bai kamata ya ɓoye wannan ba.

Abu na biyu, baƙin da suka kwana garin nan waɗanda duniya ta san sunansu. Baturen Ingila James Richardson ya zauna Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, daga nan ya kama hanyar Kukawa ya rasu a hanya bai kai ba. Sannan Bajamushe Heinrich Barth wanda ke kiran kanshi Abdulkarim ya iso ƙarshen Disamban 1852 ya zauna har ƙarshen Janairun 1853 yana shirin tafiyarshi ta Tumbuktu, wurin da ya sauka yana nan cikin Birni an sa alama. Yaron da ya yi mishi hidima har ya bi shi Turai, Dorugu, ɗan ƙasar nan ne daga wajen Kance. Sai Kyaftin Cazemajou da aka kashe nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, Faransawa suka dawo da yaƙi a 1899 aka gwabza a Tirmini. Daga baya garin nan ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 da aka mai da shi Yamai. To ka duba, duk wannan tarihi amma baƙo in ya zo yau sai dai a zagaya da shi fadar sarki wadda take tun zamanin Sarki Tanimun, a nuna mishi sauran ganuwa da duwatsu, da magariba a mai da shi ɗakin siminti irin wanda zai samu a kowane gari. Muna da otal mai sunan Amadu Kuren Daga, sunan ne mai tarihi, ginin na zamani ne. Gidan da aka sauki ayari da gaske kuma ake iya kwana cikinshi yau, wannan shi ne gurbin da ba kowa a ciki.

Kafin komai ka zaunar da tsofaffin gidanku mata da maza ka ɗauki maganarsu a waya, su wa ke sauka, daga ina, ina ake ɗaure raƙuma, wane ɗaki ne na gishiri. In akwai tsofaffin takardun ajami ko na bashi cikin adaka kar a yar da ko guda.

'Yar Garin Malam ta rubuta:

Malam Allah ya ƙara sani, wallahi ban san Dorugu ɗan Kance ne ba.

Yaya Ɗan Zango ni na yi karatu a Senegal garin Saint-Louis da su suke kira Ndar, to can akwai Hôtel de la Poste daidai inda ka sauko daga gadar Faidherbe ka shiga tsibiri. Matuƙan jirgin sama masu kai wasiƙu daga Faransa zuwa Amurka ta Kudu nan suke sauka, cikinsu akwai Jean Mermoz wanda ya tashi daga Saint-Louis a 1930 ya ƙetare teku har Natal ta Barazil, daga baya a 1936 ya ɓace cikin tekun shi da jirginshi. Ɗakin da yake kwana lamba 219 ne kuma har yanzu mutane suna neman a ba su shi musamman. Duk bangon otal ɗin hotunan jirage ne da taswira da tsofaffin takardun wasiƙa. Na raka wata malamarmu da ta sauka can, abin da na lura shi ne har mai ɗaukar jaka ya san labarin, kana tambayarshi zai tsaya ya ba ka da daɗin rai. Wato sun riƙe labari guda ɗaya sun gina komai a kanshi.

A Maroko kuma na ga tsofaffin gidajen cikin gari na Fas da Marrakesh da suke kira riyad, gida ne mai tsakar gida ɗakuna sun kewaye, daga waje ba ka ganin komai sai ƙofa, tsarin ya yi kusa da namu sosai. Iyalai da yawa sun gyara nasu sun mai da su masauki, ɗaki biyar ko shida kawai, uwar gida ko wata ta dafa abin kari, shi ke nan. Sai dai da yawa kuma baƙi 'yan waje ne suka saye gidajen, 'yan gari suka koma bayan gari, wannan ɓangaren bai burge ni ba ko kaɗan.

Amma bari in faɗa maka abin da maza ba sa fara tunawa. Ruwa da makewayi. Duk riyad ɗin da na shiga bango tsoho ne amma banɗaki sabo fes, ruwa na zuwa, zanin gado fari. Mace ba za ta kwana wurin da za ta fita tsakar gida da buta da tsakar dare ba komin tarihinshi. Mu kuma kowa ya san matsalar ruwan Damagaram, ai har cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni a 1926 akwai ƙarancin ruwa. In ba ku da babban tanki da hanyar cika shi lokacin bazara kar ma ku fara. Sannan gidan sauro da tsabtar kicin.

Abu Sabon Gari ya rubuta:

Ku yi haƙuri ni zan zo da ta daban. Duk misalan da kuke bayarwa wurare ne da jirgi ke sauke Turawa kullum. Nan wa zai zo? Tun da aka fara sace-sacen baƙi a arewa hanyar ta mutu, shi kanshi Direban Tanut ya ce "tun ana zaman lafiya", ku tambaye shi yaushe rabonshi da ɗaukar mai yawon buɗe ido. Masu sana'ar azurfa da fata na Agadas da na nan kowa ya san halin da suka shiga. Ɗan uwa kar son gidan kakanni ya sa ka hana marayu da zawarawa haƙƙinsu, gado ba a wasa da shi, in akwai mai buƙata cikin magada a ba shi rabonshi. Ginin ƙasa kuma kowace shekara sai ya ci kuɗi, damina guda in aka yi sakaci soro ya zauna a kan mutane, mun ga yadda ruwan 2024 ya yi da gidajen ƙasa a garin nan har tsohon masallacin Birni bai tsira ba. Ga kuma bakin mutane, yau ka ce ka buɗe wurin kwana cikin unguwa gobe liman da mai unguwa sun zo suna tambayar su wa ke shiga su wa ke fita. Ni shawarata a sayar a raba, in kana son tarihi ka ɗauki hotuna ka ajiye.

Direban Tanut ya rubuta:

Abu maganarka akwai gaskiya, an daɗe ban ɗauki Bature ba. Amma wa ya ce dole sai Bature? Ka tsaya tasha ka ga masu sauka. 'Yan Kano da Daura da Katsina masu zuwa biki da ziyara, Kano ma kilomita wajen 240 ce kawai. Malaman da ke zuwa jami'ar André Salifou, ma'aikatan da ake turowa misiyo daga Yamai, 'yan ƙungiyoyi masu taro, masu zuwa kallon hawan salla da hawan ƙaho. Lokacin Zinder Sabuwa, bikin ranar jamhuriya da aka yi nan a 2018, ai har gidajen mutane aka riƙa roƙo a saukar da baƙi. Waɗannan duk suna biyan kuɗin ɗaki a wani wuri yanzu haka.

Alhaji Mai Yadi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Yarana ne suka nuna min wannan zance na ce bari in sa baki. Ni harkar yadi ta kai ni Turkiyya da Masar. A Turkiyya akwai gari Edirne kusa da iyakar Girka da Bulgeriya, can akwai zangon fatake na Rustam Pasha wanda babban maginin daular Usmaniyya Sinan ya gina wajen 1561. Gini ne na dutse hawa biyu, tsakar gida babba, da can ƙasa na dabbobi da kaya ne sama na mutane, ta waje kuma an jera shaguna suna kallon titi. An gyara shi aka mai da shi otal a 1972, har ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1980. Abin da nake son Ɗan Zango ya lura shi ne shagunan nan na waje, tun asali da su aka gina shi, hayarsu ke taimakon ginin. To ku ma in gidan yana da bango a bakin hanya me zai hana a fitar da shago biyu ko uku ta gefen da ba zane, haya tana shigowa magada suna rabawa kowane wata, zaure da ɗakunan baƙi kuma a bar su yadda suke? Ba dole sai an zaɓi rushewa duka ko bari duka ba.

A Istanbul kuma akwai Pera Palace da aka gina don fasinjojin jirgin ƙasan da ke zuwa daga Faris, ɗaki mai lamba 101 inda Ataturk shugaban Turkiyya na farko yake sauka sun mai da shi gidan tarihi ba a kwana ciki. A Masar ga Mena House a gindin dalar Giza, asalinshi gidan farautar mai mulkin Masar Khedive Isma'il ne na 1869, a nan Churchill da Roosevelt da shugaban Sin Chiang Kai-shek suka yi taro a 1943. Waɗannan na manya ne, shayi kawai na sha a can na fito, ba su ne abin koyinku ba. Wanda ya fi kama da naku shi ne wakalar Sultan al-Ghuri cikin tsohuwar Alƙahira kusa da Azhar, masaukin fatake ne na wajen 1505, ƙasa rumbunan kaya sama ɗakunan kwana, yanzu ba a kwana ciki amma an mai da shi wurin masu sana'ar hannu da wasannin gargajiya, kuma yana tsaye.

Maganar Abu ta haƙƙin magada kuwa gaskiya ce ɗana, kar ka tsallake ta. A kira masu kimantawa a yi wa gidan kuɗi a gaban malami, wanda ke son rabonshi yanzu a nemi yadda za a biya shi, waɗanda suka yarda su zauna a matsayin masu tarayya a rubuta a sa hannu da shaidu. In ba a yi haka ba ko an gyara gidan rigima za ta rushe shi.

Ɗan Zango ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji wannan shawara ta shaguna ta buɗe min ido wallahi, don bangonmu na kudu yana kan hanyar da ake bi zuwa kasuwa kuma ba zane a jikinshi, dama ta nan mai sayen yake kwaɗayi. Malam akwai wata gwaggonmu da ta haura tamanin, ita ta ga ƙarshen saukar Buzaye a gidan da idonta, insha Allahu wannan satin zan je da waya. Yaya Abu ban ji haushin maganarka ba, akwai ƙannenmu mata biyu da suke buƙatar kuɗin da gaske kuma ba zan tsaya musu a gaba ba. Ƙanwata 'Yar Garin Malam maganar ruwa na riƙe. Yanzu abin da ya rage min shi ne ginin kanshi, soron ya tsage ta kusurwa guda kuma wani ɗaki rufinshi ya lotsa, yayana yana cewa sai dai a yi mishi filasta da siminti gaba ɗaya a sa kwano. Akwai magini a nan?

Magini Ɗan Gado ya rubuta:

Akwai. Ni gadon gini na yi wurin babana, shi ma wurin nashi uban. Ɗan uwa don girman Allah kar ku bari a shafa wa bangon ƙasa siminti. Siminti ba ya kama ƙasa, yana zama ne a kanta kamar ɓawo, ruwa ya samu 'yar tsaga ya shiga ta baya ba shi da hanyar fita, bangon yana jiƙa yana ruɓewa a ciki kai kana ganin waje lafiya lau, ran da zai zube sai ya zube gaba ɗaya. Gidaje da yawa da suka faɗi cikin Birni da Zango haka aka yi musu. Ƙasa da ƙasa ake gyara ta. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa sannan a yi yaɓe, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, ita ce ke sa ruwa ya zame kuma ita ke ba da jan launin nan mai duhu da kake gani a tsofaffin gidaje.

Abin da ke kashe ginin ƙasa wuri biyu ne, sama da ƙasa. Sama in indararo ya toshe ko ya karye ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasa kuma in ruwan titi yana kwanciya a gindin bango, musamman yanzu da ake ɗaga tituna gidaje suna komawa rami. To farko a hau a duba kowane indararo a sa mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango, a gyara rawanin soro da zankwaye, sannan a yi dakali a gindin bango ta waje ruwa ya riƙa gudu. Tsagar kusurwa in ba ta kai ƙasa ba ana buɗe ta a ɗinke da tubali da guntun azara a cike, in ta kai ƙasa kuma tana ƙara buɗewa to tushe ne, sai an tona an gani. Rufin da ya lotsa a sauke ƙasar da ke kai a duba azara ɗaya bayan ɗaya, azarar giginya ta gaske gara ba ta cinta, sau da yawa za ka tarar guda biyu ko uku ne suka karye saboda nauyin yaɓen da aka riƙa ƙarawa shekara da shekaru ba a rage na da ba. Sai dai azara ta yi tsada yanzu kuma samunta sai an sha wuya, shi ya sa duk inda ake rushe tsohon gida a je a sayi tashi. Kwano kuma in kun sa kun kashe abin da baƙon zai zo nema, ɗakin zai koma zafi da rana ga ƙara da damina.

Banɗakin da ƙanwarmu ta faɗa a gina shi sabo da bulo a gefe, a jingine amma kar a haɗa shi da tsohon bango, kuma bututun ruwa kar ya bi ta cikin bangon ƙasa ko kaɗan, a bi da shi ta waje inda ido ke gani in ya fara ɗiga. Ramin masai ya yi nesa da tushe. Wayar kuran ma a bi da ita ta saman bango cikin roba, kar a sassaƙe zane don a binne waya.

Kuma kar wani ya ce muku aikin ƙasa aikin talauci ne. Masallacin Yama a jihar Tawa na ƙasa ne, Falke Barmu ya gina shi, ya ci kyautar Aga Khan a 1986, irin wadda Alhaji ya ce zangon Turkiyya ya samu. A Dandaji ma tsohon masallacinsu na ƙasa ba su rushe ba, gyara shi aka yi ya zama ɗakin karatu aka gina sabo a gefe.

Ka ɗauko min hoton tsagar daga sama har ƙasa, da na cikin ɗakin da ya lotsa ta yadda zan ga azarar, da na gindin bangon kudu. Ko za ku sayar ko ba za ku sayar ba indararon nan a gyara shi kafin ruwan farko, aikin yini guda ne da yaro biyu.